Rida a get mai nisan mita 320 daga fanel: tana ƙara, ƙofa ba ta buɗewa

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina aiki a wata masana'anta a Sharaɗa, nan Kano. Fanel ɗin sarrafa shiga da kati mai ƙofa huɗu ne, yana ofishin gaba, kuma ƙofofi ukun da ke cikin ginin suna aiki lafiya. Ta huɗun ƙaramar ƙofar ma'aikata ce a get ɗin baya, nisanta mita 320. Na ja kebul ɗin netwok Cat6 a cikin bututu, na haɗa rida (na'urar karanta kati) ta Wiegand da maglok (makullin maganaɗisu), dukansu suna shan wuta daga fanel. In an kara kati ridar tana ƙara, fitilarta tana haske, amma ƙofar ta buɗe yau, gobe ta ƙi. Da rana in injuna suna aiki abin ya fi lalacewa. Sau biyu ina canza rida. Wani ya ce in sa waya mai kauri, wani ya ce in nemi na'urar ƙara ƙarfin sigina. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka daina canza rida, da wuya laifin ya zama nata. Kwance ta ka kawo ta gindin fanel, ka haɗa ta da guntuwar waya da ba ta wuce mita ɗaya ba, ka kara kati sau ashirin. In duk sun shiga, to ridar da fanel ɗin sun wanke kansu, saura waya da nisa. Da wannan gwajin ka fara, da kuɗin rida biyu suna aljihunka.

Ƙarar da take yi ce ke yaudararka. Yawancin ridoji da kansu suke yin ƙarar nan da zarar sun karanta kati, ko fanel ya ji ko bai ji ba. Wiegand, wato tsarin da rida ke aika wa fanel lamba da shi, magana ce mai tafiya gefe ɗaya: rida ta jefa lambar kati a kan waya, ta yi shiru, ba ta jiran a ce mata an karɓa. Shi ma fanel ɗin bai san ridar tana raye ko an cire ta ba, sai dai ya ji lamba ta iso. Tsarin ya samo suna daga John Wiegand, injiniyan da ya gano wata waya mai halin maganaɗisu na musamman a shekarun 1970, wadda aka riƙa binnewa cikin katunan shiga. Waɗancan katunan an daina yayinsu, amma yadda ake haɗa wayoyinsu ya zauna daram, har ƙungiyar masana'antun tsaro ta Amurka, SIA, ta rubuta masa ƙa'ida a 1996 mai lamba AC-01. An tsara shi ne don rida da fanel da ke gini ɗaya. Iyakar da kusan duk kamfanoni ke rubutawa ita ce ƙafa 500, wato kimanin mita 150, da waya mai kauri kuma mai rufin kariya. Kai ka ninka wannan nisan, kuma da siririyar waya.

Bari in nuna maka abin da ke faruwa a cikin wayar, don in ka gane shi ba wanda zai sake sayar maka da maganin da ba na ciwon ba.

Wayoyin data biyu ne, kore D0, fara D1. In ba a aika komai, dukansu suna zaune a kan bolt 5. In rida za ta ce sifiri, sai ta ja koren ƙasa na ɗan lokaci, tsakanin maikirosakan 20 zuwa 100, ta saki. In ɗaya za ta ce, sai ta ja farar. Katin da aka fi sani bugu 26 yake yi: 8 lambar wuri, 16 lambar kati, biyu na tantance kuskure, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. Shi kuwa fanel yana lissafa bugu ne kawai in ya ga wayar ta sauko ƙasa da kimanin bolt ɗaya. Amma ƙasa da bolt ɗaya daga ina? Daga baƙar waya, wadda aka rubuta wa GND, wato ƙasa, inda ake ɗauka sifiri yake. Rida tana aunawa daga baƙar wayar da ke gefenta, fanel yana aunawa daga wadda ke gefensa, kowa yana ɗauka abu ɗaya ne. A mita goma, abu ɗaya ne. A mita 320 ba haka ba ne, domin wannan baƙar wayar ita ce kuma hanyar da duk wutar da ridar ta sha take komawa.

Ɗauki biro. Yawancin Cat6 na kasuwa kaurin silinsa 23 ko 24 ne a ma'aunin waya na AWG, inda ƙaramar lamba ta fi kauri. Mu ɗauki 24: sili ɗaya na jan ƙarfe zalla yana da turjiyar om 84 a kowace kilomita, don haka mita 320 om 27 ke nan. Ridar kati ta yau da kullum tana jan kimanin miliamfiya 100. Ninka su: bolt 2.7 sun zube a jar waya wajen zuwa, wasu 2.7 a baƙa wajen dawowa. Daga bolt 13 da ɗoriya da fanel ke fitarwa, kimanin 8 ne ke isa ga ridar, kuma in an ɗauke wuta ya koma kan batir, ƙasa da 7. Ridoji da yawa suna iya lallaɓawa a haka, shi ya sa fitilarta ke haske kake ganin kamar lafiya. Ɓarnar tana wajen 2.7 na dawowa. GND ɗin ridar ya ɗaga sama da na fanel da bolt 2.7. In ta ja koren waya zuwa abin da take ganin sifiri ne, fanel yana ganin kusan bolt uku, bai kai ƙasa ba, bai kuma tsaya a sama ba. Kamar mutum biyu ne ke auna zurfin rijiya ɗaya, wannan yana bakin rijiyar, wancan yana kan tudu. Igiyar kowa daidai take, amma lambarsu ba za ta taɓa haɗuwa ba. Kuma wutar da rida ke ja ba a tsaye take ba. Lokacin da take karanta kati, ta kunna fitila, ta yi ƙara, a lokacin ne take jan mafi yawa, a wasu ridojin ya kai ninki biyu ko fiye. Wato daidai lokacin da take aika lambar ne ƙasan nata ke ƙara ɗagawa. In kuma maglok ɗinka yana komawa ta wannan kebul ɗin, to lissafin ya wuce nan nesa.

Yanzu gwada shawarar mai cewa ka sa waya mai kauri. 18 AWG, wato kimanin 0.8 mm², om 21 ne a kilomita. A mita 320 om 6.7. Da miliamfiya 100 ɗagawar ba ta kai bolt 0.7 ba, za ta wuce. Da miliamfiya 250 na lokacin karatu ta zama 1.7, ta faɗi. Maimaita lissafin da mita 150, za ka samu kimanin 0.8, a bakin gaɓa. Ka ga mita 150 ɗin nan ba don a ba ka tsoro aka rubuta ta ba. Saboda haka mai shawarar ya yi rabin gaskiya: kauri yana rage zubewar wuta, amma bai taɓa sauran matsaloli biyun ba.

Ta farko, doguwar waya tana riƙe caji. Silin da ke kwance kusa da juna na ɗaruruwan mitoci suna zama kafasita, kuma bugun da bai wuce maikirosakan 50 ba yana isowa gefunansa sun zaizaye, wani fanel ya gane shi, wani ya ƙi. Ta biyu hayaniyar lantarki. Wiegand ba shi da dabarar kore hayaniya, duk abin da ya faɗo kan wayar fanel zai ɗauka magana ce. Kebul ɗinka ya ratsa masana'anta mai manyan motocin lantarki na injuna masu jan wutar layi uku, mai yiwuwa ma akwai masu sarrafa gudun mota, waɗanda sun fi kowa ƙazantar da layi. Dalilin da ya sa rana ta fi dare muni ke nan. Sannan akwai kuskuren da kusan kowa ke yi da Cat6: a sa D0 da D1 a murɗi ɗaya, kore da fari-kore, don launin ya dace. An murɗa silin nan biyu ne don su ɗauki sigina ɗaya tare. In ka ba su sigina biyu daban, bugun ɗaya yana tsallakawa kan ɗayan. Ko a mita 40, in dole sai Cat6, raba su: D0 da GND a murɗi ɗaya, D1 da GND a wani.

Buɗe rajistar abubuwan da suka faru a manhajar fanel ɗin, za ta ba ka shaida. In bugu ɗaya ya ɓace a hanya, 25 suka iso, fanel zai watsar, wani lokaci ko rubutawa ba ya yi. In ka ga kati ɗaya yana fitowa da lambobi daban-daban ana cewa ba a san shi ba, hayaniya ce ke juya bugun. Bugu biyun nan na tantancewa suna kama kuskure ɗaya a kowane rabi. In biyu suka juye a rabi ɗaya, lambar ƙarya ta wuce a matsayin ta gaskiya.

Akwai abu biyu da nake so ka duba a kebul ɗin kansa. Kwalin Cat6 mita 305 ne, kai kuma ka ce 320, don haka akwai haɗi a wani wuri. In a cikin bututu yake an naɗe shi da salatif, damina ɗaya ta ishe shi. Na biyu, jan ƙarfe ne ko alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe? Irin na biyun, mai alamar CCA in masu shi sun ga damar rubutawa, ya cika kasuwa, kuma turjiyarsa ta kai ninki ɗaya da rabi na ta jan ƙarfe, ga saurin karyewa a bakin sukuru. Kankare sili da wuƙa, in ka ga fari a ciki, shi ne. Ko ka haɗe sili biyu a can get, ka dawo ka auna om a wannan gefen: jan ƙarfe 24 AWG zai ba ka kusan 54, in ka ga 80 ko 90 to alminiyam ne ko haɗin ya ci tsatsa. In kana son ganin ɗagawar GND da idonka, ɗauki sili ɗaya da ba ya aikin komai, ɗaure shi a GND na fanel, ka je get ka sa na'urar auna bolt tsakaninsa da baƙar wayar rida, a kara kati kana kallo. Duk abin da ya kusanci bolt ɗaya ya gama ba ka amsa.

To, mafita. Ka raba matsalar gida biyu, ta wuta da ta magana, kowace da nata maganin.

Ta wuta ba ta da gardama: a sa akwatin fawa na bolt 12 mai batir a ɗakin maigadi na get ɗin baya, rida da maglok su sha daga nan. Maglok mai riƙon kilo 280 yana jan kimanin rabin amfiya a bolt 12. Ko da wayar 1.5 mm² ka ja masa daga ofis, zuwa da dawowa om 7.7 ne, zai rasa bolt uku zuwa huɗu a hanya, riƙonsa ya ragu har ƙato ɗaya ya iya fizge ƙofar. In ya yarda da bolt 24, wutar da yake ja ta ragu rabi, asarar ta sauko ƙasa da bolt biyu, amma duk da haka kusa ya fi. Batirin 7Ah da ake sakawa a irin akwatin nan ka gaya wa mai wuri tun yanzu cewa ba zai yi shekarun da aka rubuta masa ba. Batirin dalma yana rasa kusan rabin rayuwarsa a kowane ƙarin digiri goma sama da 25, kuma ka san yadda ɗakin maigadi mai rufin kwano yake a watan Afrilu. Kafa akwatin a bangon da rana ba ta duka.

Wasu daga nan suke tsayawa: fawa a get, D0 da D1 da GND su tafi fanel a kan tsohon kebul. Da yake baƙar wayar ta daina ɗaukar wutar rida, ɗagawar nan ta gushe, kuma gaskiya wani lokaci yana aiki har a mita 300. In za ka gwada, dole GND na fawar get ya haɗu da GND na fanel, in ba haka ba ba abin da za su auna daga gare shi. Jar waya kuwa kada ka haɗa fawa biyu a kanta. Ni dai ba zan miƙa wa mai wuri irin wannan aikin ba a masana'anta. Riƙon caji yana nan, hayaniyar injuna tana nan, ba kamfanin da zai tsaya maka in ya ƙi, kuma kai za a riƙa kira duk ranar da ma'aikata suka yi layi a get da sassafe.

Maganar kuwa hanya uku gare ta, kuma ba daraja ɗaya suke ba a wurina.

Hanya ta farko, a canza yaren zuwa RS-485. Shi ba daga GND yake auna sigina ba. Sili biyu ne a murɗe, A da B, mai karɓa yana duba bambancin da ke tsakaninsu, ko milibolt 200 ya ishe shi. Hayaniyar da ta faɗo kan murɗin tana faɗawa kan silin biyu daidai wa daida, bambancin bai canza ba. Yana kuma jure saɓanin ƙasa tsakanin gefen biyu daga bolt 7 ƙasa da sifiri zuwa 12 sama. Da haka yake kaiwa mita 1,200 a gudu mai sauƙi kamar bugu 9600 a sakan. A kansa aka gina OSDP, yaren magana tsakanin rida da fanel, wanda kamfanonin HID da Mercury suka faro a 2008, SIA ta karɓi ragamarsa a 2012, ya zama ƙa'idar duniya IEC 60839-11-5 a 2020. A OSDP fanel ne ke tambayar rida ba ƙaƙƙautawa, ita kuma tana amsawa, saboda haka in aka yanke waya ko aka cire rida, nan take a sani. Fitila da ƙara da alamar an taɓa murfi duk suna bin silin nan biyu, sili huɗu ke nan har da na wuta. In fanel ɗinka da ridarka duka suna jin OSDP, mita 320 ba komai ba ce.

Sai dai ka yi hattara da rubutun 485 a jikin fanel. Ganin A da B ba ya nufin OSDP. Fanel da yawa na ZKTeco da Hikvision da ake samu a nan suna da mashigar RS-485 ta ridoji, amma a samfura da dama yaren kamfanin ne ke tafiya a kai, sai ridar gidansu. A wasu ma mashigar ta haɗa fanel da kwamfuta ce, ba ta rida ba. Duba takardar samfurinka. In yana karɓar ridar RS-485 ta kamfaninsa, sayo ta, wannan ce hanya mafi araha da ke gabanka.

In Wiegand kaɗai yake ji, sai hanya ta biyu: kwanbata biyu, ɗaya a get ɗaya a gindin fanel. Ta get tana karɓar Wiegand daga rida ta gajeriyar waya, ta mayar da shi RS-485 ko faiba ko netwok, ta fanel ta sake mayar da shi Wiegand, fanel ya ɗauka ridar tana gefensa. Wannan ne abin da mai ce maka na'urar ƙara ƙarfi yake nufi, ko ya kamata ya nufa. Kamfanin Cypress na Amurka ya yi suna da irinsu, jerin Suprex, akwai kuma na China masu sauƙin kuɗi. Kafin ka biya, tambayi abin da take ɗauka ban da lambar kati. Ƙofa ba rida kaɗai ba ce: akwai umarnin buɗe makulli da zai dawo daga fanel, akwai maɓallin fita, akwai ɗan maganaɗisun da ke nuna ƙofa a rufe take ko a buɗe, akwai fitila. Masu arahar lambar kati kawai suke kaiwa, ka koma kana neman silin da zai ɗauki sauran. Tambayi kuma tsawon lambar da take wucewa da ita. Katunan Mifare galibi bugu 34 suke fitarwa, wasu na HID 35 ko 37, in kuma ridar tana da madannan lambar sirri, kowane danni gajeren saƙo ne na bugu 4 ko 8. Kwanbatar da ta san 26 kaɗai za ta haɗiye sauran ba tare da ta ce maka komai ba.

Ko ta farko ko ta biyu ka bi, RS-485 yana da ladubbansa. Murɗi ɗaya ga A da B, nan kam tare ake son su. Sili na uku ya haɗa GND na gefen biyu, kada ka yarda da masu cewa sili biyu sun wadatar. Rezista mai om 120 a kowane ƙarshen layi, biyu kacal, ba a kowace na'ura ba. Da yawa suna da ita a ciki, ɗan maɓalli kawai za ka ɗaga. In ridoji sun fi ɗaya, a jera su layi ɗaya, daga wannan zuwa wancan, kowace da adireshinta, ban da reshe-reshe. Kebul ɗin da aka yi don wannan aikin mai om 120 ne, irin Belden 9841 da 9842. Cat6 om 100 ne, kuma a gudun 9600 yana aiki lafiya in jan ƙarfe ne kuma haɗinsa mai kyau ne, don haka mai yiwuwa wanda ka riga ka binne ya tsira. In kebul ɗin yana da rufin alminiyam, rufin da tsirarar wayar da ke tare da shi a ɗaure su da ƙasa a gefen fanel kaɗai, a can get a yanke a rufe. In ka haɗa komai ka ji shiru, juya A da B kafin ka zargi kowa; kamfanoni ba su daidaita kan wanne ne A ba, kuma juyawar ba ta ƙona komai.

Hanya ta uku ita ce wadda zan bi da aikin nawa ne: kada a ja ridar zuwa fanel, a kai mata fanel. Ƙaramin kwantirola mai ƙofa ɗaya a ɗakin maigadi, na kamfani ɗaya da babban don manhaja ɗaya ta riƙe su, rida da maglok da maɓallin fita duk a cikin mita goma, sannan netwok ya haɗa shi da ofis. Jerin katunan yana cikin ƙwaƙwalwarsa, shi yake yanke hukunci a nan take. Ranar da mai haƙa kwalbati ya sare layin, ma'aikata za su ci gaba da shiga, ya adana rajistar, ya tura in an gyara. A hanyoyi biyun farko, layi ya yanke, ƙofa ta mutu. Kuma kuɗin ƙaramin kwantirola sau da yawa bai kai na kwanbata biyu masu kyau ba. Abu ɗaya za ka tabbatar: in masana'antar tana amfani da dokar hana kati shiga sau biyu ba tare da ya fita ba, duba ko manhajar tana iya aiwatar da ita tsakanin fanel biyu, don a wasu samfuran cikin fanel ɗaya kawai take aiki.

Netwok a kan Cat6 mita 100 ne iyakarsa. Akwai suwic na kyamarori masu maɓallin tsawaitawa da ke kaiwa mita 250 zuwa 300 in sun sauke gudu zuwa megabit 10, gudun da ya ishi kwantirola har ya yi yawa, amma 320 ta wuce su. Saura faiba ko rediyo. Rediyo biyu masu kallon juna a 5 GHz, irin na Ubiquiti, suna yi in ba gini ko darbejiya a tsakani, ka kuma tuna bishiya tana girma, tirela tana fakin. Faiba mai sili ɗaya ko biyu, mai sulke, da kwanbatar faiba a kowane gefe, mita 320 ko ɗumi ba ta yi ba, tunda kilomita 10 zuwa 20 aka yi su su kai. Tun da kana da bututu, ƙila ka iya amfani da tsohon kebul ɗin ka jawo ta.

Dalilina na fifita faiba ba nisa ba ne, tsawa ce. Duk jan ƙarfen da ya fita daga gini ɗaya ya shiga wani ta ƙarƙashin fili, ya haɗa ƙasa biyu da ba ɗaya ba. Ba sai aradu ta faɗa kan kebul ɗin ba. Ta sauka a hasumiyar sadarwa ko tankin ruwa da ke kusa, ƙasar gefe ɗaya ta ɗaga sama da ta ɗayan na ƙiftawar ido, bambancin ya bi ta wayarka. Abin da ke ƙonewa shi ne mashigar rida a fanel, wani lokaci fanel ɗin gaba ɗaya, ƙofa ɗaya ta jawo wa ukun da ba ruwansu. Hadarin farkon damina, na Mayu da Yuni, shi ya fi yin wannan aika-aikar. Gilashi ba ya ɗaukar wuta. In dai jan ƙarfen za ka bari, sa abin kare tsawa na layin data a gefe biyu, kowanne da gajeriyar waya mai kauri zuwa sandar ƙasa ta gaske, ka kuma zaɓi kwanbata mai raba gefen biyu ta lantarki. Abin kariyar da ba a haɗa da ƙasa ba ado ne kawai. In za a sake haƙa, a sauka kamar santimita 50 zuwa 60, a bar tazarar aƙalla santimita 30 daga kebul ɗin wuta, inda dole su haɗu su gitta juna a miƙe, haɗi kuma ya kasance cikin akwatin da ake iya buɗewa, ba cikin bututu ba. Toshe bakin bututun saboda ɓeraye da gara, ka bar igiyar ja a ciki don na gaba.

Akwai kuma batun tsaro, wanda shi ne dalilin sa ƙofar tun farko. Wiegand a fili yake aika lamba, ba sirri. Tun 2015 aka nuna a taron Black Hat a Amurka wata 'yar na'ura mai suna BLEKey da ake maƙalawa a kan kore da farar waya a bayan rida, ta kwashe lambobin duk wanda ya wuce, ta sake aika su ta wayar salula. Mita 320 na irin wannan layin, mita 320 ne na wurin maƙalawa. OSDP yana da rufaffiyar hanya mai sirranta saƙo, wato AES-128, amma sai an kunna ta. Da yawa ana barinsu a yanayin girkawa da mabuɗin da kowa ya sani, ka tabbata ka canza shi ka kashe wannan yanayin. Kuma duk akwatin da rile, ɗan makunnin da ke buɗe makulli, yake ciki, kwanbata ce ko kwantirola, ya zauna ta cikin katanga a kulle. In wanda ke waje zai iya kai sukundireba gare shi, kati ya zama wasa. Saboda wannan ne ban ba ka shawarar ridar nan mai rile a jikinta ba, wadda ake kafawa a waje ita kaɗai, duk da ta fi komai araha.

Wajen haɗa makullin, in na harshe ne mai nadi a ciki, gitta dayod 1N4007 a bakinsa, zanen dayod ɗin ya kalli jar waya, a can jikin makullin ba a fanel ba, don ya shanye wutar da nadin ke tofowa in an yanke masa. Maglok da yawa suna zuwa da kariyarsu a ciki, duba takardarsa kafin ka ƙara masa komai, don dayod na iya sa shi jinkirin saki. Kada wayar makulli ta bi kebul ɗaya da ta rida. Tun da ƙofar ma'aikata ce kuma maglok ne, sa koren akwatin nan na fasa gilashi ta ciki, a jere da wayar da ke ba maglok wuta kai tsaye, ba ta hanyar kwantirola ba, yadda ko na'urar ta rikice ranar gobara mutane za su fita. Kafin ka miƙa aiki, kashe wutar get ɗin ka gwada katunan a kan batir kaɗai, sannan ka sa a tayar da janareto a juya layi kana tsaye, injuna suna aiki, ka sake karawa.